Kafin Ka Share Awakin Iya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga maigidana Bishir, mijin da ya tsere ya bar tsohuwar matarsa ba ko sallamar kirki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Zariya lafiya, da ƙafafunka biyu da jakarka da hankalinka. Allah Ya makantar da mutanen daji daga motar da ka shiga, tun daga tashar Kankara har ƙofar makaranta. Allah Ya tsare ka daga abokin banza da abincin da ya kwana. Gwaggonka Hadiza tana gaishe ka. Ba ta san na rubuta wannan ba, kuma ba sai ta sani yau ba.

Na san abin da ka fara yi da ka buɗe murfin kwamfutar ka ga takarda kwance a kan madannai. Ka yi tsaki ka ce tsohuwar nan ta biyo ni har nan. To na biyo ka. Da gangan na sa ta a nan, don duk wanda zai taɓa na'urar nan sai ya ɗaga takardata tukuna. Kada ka yi dariyar rubutuna. Aji huɗu na yi a firamaren Faskari aka cire ni, sauran na ƙarasa a ajin manya, inda malamar ta fi mu gyangyaɗi. In ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi da kanka.

Ga abin da ya sa na rubuta. Ran Talata kana cin ɗanwake a tsakar gida, kana magana da abokinka a waya, na ji ka da kunnena. Ka ce makaranta ta ce sai da sabuwar babbar manhaja, wato uwar ɗakin nan da ke juya duk abin da ke cikin kwamfuta. Ka ce tsohuwar an daina kula da ita. Sannan ka ce, "Ai ba komai a cikinta, sai hotunan awakin Iya. Da na isa zan sa a share ta fes a zuba sabuwa." Har da dariyarka.

Ina tsince shinkafa a lokacin. Sai da na zubar da rabin faifan.

Sau uku na yi niyyar yi maka magana kafin ka tafi. Na farko na buɗe baki sai na ji ina ce maka wandonka ya yi kama da buhun taki. Na biyu na ce 'yan matan Zariya ba za su kalli mai kunnuwa irin naka ba. Na uku kana ɗaure jaka, na tsaya a bakin ƙofa, sai na tambaye ka ko ka ɗauki barkono. Bakina bai iya komai da kai ba sai tsiya, haka muka saba. To bari hannuna ya yi abin da bakin ya kasa.

Kada ka share komai. Karanta har ƙarshe tukuna.

Zan faɗa maka wautar da na tafka, ɗaya bayan ɗaya, don ka san matar da kake aure ba ta da wayon da take nunawa.

Ta farko tun kafin a haife ka ne, muna ƙauyenmu can tsakanin Ruwan Godiya da Sabuwa, ƙauyen da yanzu ciyawa ta fi katangarsa tsawo. Malaman gona suka zo da sabon irin masara. Suka nuna mamu zangarniya kamar damtsen ƙato. Kakanka Malam, Allah Ya jiƙansa, ya ce a gwada a kunya goma a gani. Ni kuwa na hau shi da baki. Na ce matan gari duk mazansu sun ci gaba, shi yana riƙe da irin kakarsa. Kwana uku ina yi mashi tuwo ba man shanu, sai da ya shuka gonar gaba ɗaya da sabon iri. Tsohon irin da ke rataye a rumbu kuwa na surfa na yi mamu tuwo da shi, har ina cewa mun yi bankwana da tsiya. Ba wanda ya gaya mani sabon irin nan taki yake ci kamar doki. A shekarar taki bai iso ba sai da masara ta yi bunni. Abin da muka girbe, Bishir, da kunya aka ɗauko shi daga gona. Da bazara ta zagayo, ni ce na bi gida gida da ƙoƙo ina roƙon irin da na cinye da bakina.

To kai ma ka tambaya kafin ka yi rawar kai. Sabuwar manhajar nan me take ci? Na'urar nan ta girme wa wasu 'yan ajinku a zaman duniya. Fankarta na kuka kamar injin niƙan Yankara, batirinta ya mutu tun kana firamare, in aka ɗauke wuta sai ta suma nan take. Ka sami wanda ya sani ya duba maka ko za ta iya ɗaukar kayan. In ya ce sai an yi mata dabara an cusa da ƙarfi, ka sani za ka samu sabuwar fuska a jikin tsohuwa, ka danna abu ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Ni na san yadda sabuwar atamfa take a jikina, ba ta hana gwiwa ciwo.

Ta biyu ita ce babba. Ka gyara zama.

Ka san kwamfutar nan ta babanka ce. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya zuba a ciki. Yana koyarwa a firamare, amma in aka tashi makaranta sai ya saɓa jakarsa ya bi tsofaffin gari. Ya ɗauki muryar mai unguwa yana lissafa iyakokin gonaki, daga tsamiyar nan zuwa ƙiryar can. Ya ɗauki matan da suka iya waƙar niƙa kafin injin ya kashe ta. Ya ɗauki hoton kowane gida, da rijiyar masallaci, da kai kana tsirara a cikin daro. Kuma duk cikinsu muryarsa tana ciki, yana tambaya, yana dariya. Ni kuwa ba abin da nake ce mashi sai, "Mutum da gemunsa yana yawo da na'ura kamar faranti yana tara surutun tsofaffi." Na ɗauka muna da lokaci. Na ɗauka ƙauyen yana nan, shi ma yana nan.

Ranar kasuwar Yankara mutanen daji suka tare hanya da la'asar. Kana da shekara tara, ka san sauran, ba zan sake bi ta kai ba. Bayan wata biyu muka kwashe muka baro garin. Na bar keken ɗinkina, na bar tukwanen aurena, amma na naɗe na'urar nan cikin zane na tura a buhun gero na ɗora a kai. Har Hadiza tana ce mani, "Iya, gero ne ya fi ki nauyi haka?"

Da muka zauna a Kankara gidan mijin Hadiza, zaman da har yau ban daina jin nauyinsa ba, kai ka fara kunna ta kana wasan mota. Sai ta riƙa fito da wani rubutu kullum, tana nauyi, tana tsayawa. Maƙwabcinmu ya ce ai zamaninta ne ya wuce, a kai a sabunta. Ni da son a ce na waye, na ɗauke ta da kaina ranar Laraba na tafi shagon mai gyara a bakin kasuwa.

Shagon cike yake. Maza ne zaune a benci suna jiran cajin waya, har da wasu dattawa biyu 'yan garinmu da suka san ni suka san wanda ya haife ni. Mai gyaran, mutum ne kamili mai furfura a gemu, ya buɗe ta ya duba ya ce, "Hajiya, in zan zuba mata sabuwa sai na wanke cikinta tas. Akwai abin da kike so a ciki?"

Ku yaran yanzu kuna ganin uwa ta rungume ɗan farinta a gaban jama'a ana ɗaukar hoto. Mu ba haka aka raine mu ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Babanka ɗan farina ne. Tun yana jariri in ya yi kuka a gaban mutane sai in kau da kai, kakarsa ta ɗauka. Shekara talatin da bakwai ya yi a duniya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "wancan", da ya girma na koma "malamin makaranta". Ranar da aka kawo shi a kan amalanke ma ban yi kuka a tsakar gida ba, har mata suna yaba mani, wai Abu akwai kara.

To ga ni tsaye a shago, dattawan garinmu sun zuba mani ido, an tambaye ni ko akwai abin da nake so a cikin kayan ɗan farina. Sai na ji bakina ya ce, "Ba komai. Tarkacen yaron nan ne."

Mutumin ya ɗago ya kalle ni. Ya ce, "Hajiya, na ga hotuna da muryoyi da yawa fa. Ko a samo filash a kwashe?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Allah sarki, na marigayi ne."

Da bai yi magana ba wataƙila da na ce a kwashe. Amma da ya faɗa, sai duk bencin ya juyo. Na gyara mayafi na yi 'yar dariya, dariyar nan tawa da ka sani, na ce, "Wanke ta kawai, malam. Me tsohuwa za ta yi da surutu?"

Na tafi na sayo daddawa da kuka. Kafin in dawo ya gama. Ya nuna mani fuskarta sabuwa, shuɗiya, tana sheƙi. Na ce madalla.

Da ka dawo daga makaranta ka nemi hoton babanka ka rasa, ka yi ta birgima a ƙasa. Ka tuna abin da na ce maku? Na ce mai gyara ne ya goge bai tambaya ba. Shekara takwas kana wucewa ta bakin kasuwa kana harar shagon bawan Allah. Har ka taɓa cewa in ka girma sai ka rufe mashi shago. To yau ka ji. Ya tambaye ni har sau biyu. Ni ce.

Abin da nake so ka ɗauka a nan, maigida: in mai gyara ya tambaye ka ko akwai abin da kake so a ciki, kada ka amsa don mutanen da ke kan benci. Su za su tashi su tafi gidajensu. Kada ka ce "ba komai" a kan abin da ba ka buɗe ka duba ba. Na'ura ba ta san kara ba, ba ta san cewa bakin mutum na iya faɗin abu cikinsa na faɗin wani ba. Abin da ka ce shi take yi, kuma ba ta dawowa ta ce ka tabbata, sai in ka yi sa'ar mai gyara irin wancan, shi ma sau biyu ne iyakarsa.

Bayan kwana uku na ɗauki na'urar na koma shagon da hantsi, lokacin da na san ba kowa. Na ce, "Malam, a mayar mani da abin da aka wanke."

Ya ce, "Hajiya, ai ba wanki ba ne irin na tufafi da za a tace ruwan."

Na zauna a bencin nan. A gabansa na yi kukan da ban yi a tsakar gida ba, baƙon mutum, ban ma san sunan ubansa ba. Ya ɗauki na'urar yana jujjuyawa, ina jin don kada ya kalle ni ne. Sai ya ce, "Tsaya." Ashe akwai wani ɗan memori kamar farcen yatsa maƙale a gefenta, babanka ya manta shi a ciki, wankin bai kai gare shi ba. Abu ɗaya ne tak a kansa. Ya kunna.

Zan gaya maka abin da ke ciki, amma bari in gama da wautata, saura biyu.

Ya kwafe shi ya zuba a cikin kwamfutar, ya miƙo mani memorin ya ce, "Wannan ki adana shi wuri mai kyau. Abu in ɗaya ne, daidai yake da babu." Ya tambaye ni wane suna za a sa wa wurin da ya ajiye shi. Nan ma kunyar ba ta sake ni ba. Na ce ya rubuta Awakin Iya. Ya sa hotunan wasu awaki guda huɗu a sama, ban san ma na waye ba, abin yana can ƙasa. Ya koya mani inda zan danna sau biyu. Ka ga, matarka ta iya kwamfuta tun kafin ka iya wanke wuyanka.

Memorin kuwa na adana shi wuri mai kyau irin namu. Na ƙulle shi a haɓar zane, inda nake ƙulle goro. Ranar Juma'a na jiƙa zanen da sabulu, na cuɗa, na buga a kan dutse, na shanya. Sai da na zo ninkewa na ji ɗan ƙulli. Da na kai wa mai gyara ya gwada ya gwada, ya girgiza kai. Ya ce in kawo na'urar da filash ya sake kwafa. Na ce to, gobe. Ina jin nauyin in sake tsayawa gabansa bayan wannan wauta ta uku. Goben nan ta kai shekara, kafin in shirya ya kwashe iyalinsa ya bar Kankara bayan an ɗauke ƙanensa a gona. Na taɓa gwada dabarata. Na kanga 'yar wayata raka-ni-kashi a bakin lasifika don ta ɗauka. Da na saurara, kukan fanka ne da carar zakaran maƙwabta.

Don haka abin nan ɗaya ne a duk duniya, kuma yana cikin na'urar da ke kan cinyarka yanzu.

Ka sayi filash biyu, ba ɗaya ba. Ka kwafe a kowanne. Ka tura a wayarka ma. Kuma kada ka yarda da rubutun da zai ce maka an gama. Ka zare filash ɗin, ka kai shi wata kwamfutar daban, ta abokinka ko ta makaranta, ka kunna ka saurara daga farko har ƙarshe. Mai gyaran ya taɓa ce mani irin tsohuwar ɗauka ce, ba kowace sabuwar na'ura ke buɗe ta ba, to ka sa a juya ta zuwa irin da kowace waya ke ji. In ka yi haka, ɗaya filash ɗin ka ba direban Kankara da ka yarda da shi ya kawo wa Hadiza. Ita ba ta ƙulle abu a zane.

Ta ƙarshe ita ce wadda ban san yadda zan nemi gafararta ba. Shekara takwas, duk safiyar da ka tafi makaranta Hadiza ta tafi awo, in akwai wuta, sai in sakaya ƙofa in danna sau biyu. Na haddace shi kamar Fatiha. Kai kuma kana ɗaki ɗaya da muryar ubanka, kana wasan mota a kanta, ban taɓa ce maka zo ka ji ba. Na ce wa kaina kai yaro ne, zai tayar maka da hankali. Ƙarya nake. In na nuna maka, sai ka tambayi inda sauran suke, sai in faɗi abin da na yi a shago. Kuma sai ka gane ina sauraronsa. Tsohuwa da furfurarta tana ɓuya tana jin muryar ɗan farinta, ina zan sa fuskata? Ka taɓa tambayata, kana aji biyu na sakandare, "Iya, muryar Baba babba ce ko ƙarama? Na fara mantawa." Na ce maka irin ta jaki ce, kamar taka. Ka yi dariya ka fita. Ranar ban ci tuwo ba.

Mutanen daji sun raba ka da shi sau ɗaya. Ni na ƙara maka na biyu a shago, na uku kuma a cikin ɗaki. Su ko sunanka ba su sani ba. Ni ce nake goya ka.

To ga abin da ke ciki. Minti goma sha ɗaya ne. Da rana ne tsaka, bayan azahar, muna gindin dalbejiyar gidanmu ina ɓarar gyaɗa, za ka ji ƙarar ɓawon. Ya zo ya ajiye farantinsa ya ce, "Iya, a ba mu tatsuniya ɗaya." Na ce, "Kai, da rana? Mai tatsuniya da rana ɓata yake yi." Haka aka tsorata mu muna yara. Ya ce, "In kin ɓata zan nemo ki." Ka ji fa. Ga shi duk garin ne ya ɓata, mai neman kuma shi ya riga kowa.

Na ba shi ta akuyar nan da ta je neman sarautar kasuwa, wadda na ƙirƙira don in zagi kawunka mai son girma. Ina ba da ita da gudu, sai ya ce, "Iya, a hankali, na'urar ba ta jin Katsinanci da sauri haka." Yana ta cewa, "Sai kuma me? Sai kuma me?" A tsakiya za ka ji wani ɗan iska yana ihu, akuya na kuka. Kai ne. Za ka ji ya ce, "Bishir, sakar mata wutsiya! Wallahi yaron nan kan kakarsa ya ɗauko." Sannan ya yi dariya. Dariyar nan ita ce abin. Ba ta jaki ba ce. Kai ma in ka manta kanka haka kake yi, shi ya sa nake korarka daga ɗakina in kana nishaɗi.

Kana jira in ce kada ka sabunta ko? Ba zan ce ba. Na gwada wancan ma. Bayan abin shago na hana kowa taɓa ta da sunan gyara, sai ga matan unguwa suna kawo filash a zuba masu wa'azi da waƙoƙin biki, har ta kwashi cutar da ta kusa cinye komai, kai ka zauna kwana biyu kana fama. Kuma na ji ka ce tsohuwar manhajar an daina yi mata rigakafi, duk ɓarawon da ke yawo a intanet zai iya leƙowa. Na zauna a garin da aka janye masu tsaro, na san yadda ake kwana a irinsa. In karatunka sai da sabuwar, kuma na'urar za ta ɗauka, to ya cancanta, ka yi. Amma ka yi shi inda wuta ba ta yankewa, wurin mai sola ko mai janareta, tunda ba ta da batir, kada ta suma aiki na rabi ka rasa tsohuwar ka rasa sabuwar. Kada ka yi shi ana gobe jarrabawa. In kuwa masanin ya ce ba za ta ɗauka ba, kada ka wahalar da 'yar tsohuwa don abokai su ga fuskarta na sheƙi. Ka yi aikinka a na makaranta, ka lallaɓa wannan har Allah Ya hore maka wata. Sabuwar manhaja kullum ana yin wata, gobe ma za su ce wannan ta tsufa. Abin da ke ƙarƙashin awakin nan ba a sake yin irinsa.

Na so in riƙe ta a nan, ba zan ɓoye maka ba. Da na ce ciwon kai nake in ba ta kusa, da ka bar mani. Amma gadonka ce, kuma na riƙe maka abinka ya isa haka. Gobe da hantsi in Hadiza ta tafi awo ban san abin da zan yi da hannuna ba. Wataƙila in koma tsince shinkafar da na zubar.

Saura ƙarshen muryar. Da na ƙare tatsuniyar, sai ɗan banzan ya ce, "To Iya, don masu saurare, ki faɗi sunanki da sunan ɗanki da ya ɗauki wannan." Ya san ba zan iya ba, tsokana ce, a wurina ya gado. Za ka ji na ce, "Kashe abin nan kafin in kwaɗa maka faifai." Ya ce, "Sau ɗaya dai, Iya." Na ce, "Ka mutu ba ka ji ba." Muka yi dariya mu duka. Nan ta tsaya.

Haka na ce mashi, Bishir. Kuma haka aka yi.

To in ka je wurin mai gyaran Zariya ya tambaye ka ko akwai abin da kake so a ciki, ko bencin cike yake da sarakuna, ka buɗe baki ka ce akwai. Ka ce muryar ubana ce, ɗan farin Abu, wanda ta fi so a cikin duk abin da ta haifa. In ya tambayi sunan da za a sa wa wurin, a cire awakin nan. A rubuta Muhammadu Lawal.

Ga shi na rubuta. Hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Da na san haka abin yake da sauƙi, da na faɗa a gindin dalbejiya.

In ka ji haushina ka ji, kana da gaskiya. Kada dai ka kira ni a waya kana kuka, don zan ce maka muryarka ta jaki ce, ka san halina. Ka saurara tukuna, ka kwafa, sannan ka kira ka ce mani, "Iya, awaki sun isa lafiya." Zan gane.

Allah Ya jiƙan Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya ji abin da bai ji ba a duniya. Allah Ya tsare mani kai a zaune da tafe, Ya buɗe maka karatu, Ya kawar da kai daga hanya ranar da mugaye suka fito. Allah Ya zaunar da ƙasarmu, Ya maido da kai ka same ni da sauran numfashi, ko don in ga irin mummunar da za ka kwaso a Zariya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ce matarka ta fari,
Iya Abu, uwar Lawal,
Kankara.